Akwati Biyar

A Lima suka ba ni takarda da alƙalami da hular rana,
suka ce, "Nelida, hau tsauni, ki jiyo mana bakin jama'a."
Tambaya ashirin, kowace da akwati biyar a gefenta:
na gamsu ƙwarai, na gamsu, oho, ban gamsu ba, sam ban gamsu ba.

Kwana biyu mota tana nishi da mu cikin duwatsu
har kunnena ya toshe, numfashina ya gajarce.
Inda hanya ta ƙare na sauka,
na iske Fortunata Huillca a bakin gonarta
tana tattake dankalin da sanyin dare ya daskarar
don ya shekara a rumbu bai lalace ba.

Na ce, "Iya, yaya kike ganin shugaban ƙasa?"
Ta ce, "Ban gan shi ba. Dogo ne ko gajere?"
Na ce, "Aikinsa nake nufi."
Sai ta nuna mini rafi da haɓa.

"Can akwai gada a zamanin mijina.
Shekara bakwai ke nan ruwa ya tafi da ita.
'Yan takara uku sun tsaya nan inda kike tsaye,
kowa ya auna faɗin ruwan da ido,
ya sha romona, ya yaba gishirinsa.
Jikana Wilber kullum sai ya tuɓe takalmi,
ya ɗora littafi a ka, ya ratsa,
kafin ya kai aji leɓensa ya yi shuɗi.
Rubuta wannan."

Na duba takarda. Babu wurin gada.
Babu akwatin leɓe, babu na takalmi.
Na ce, "Iya, cikin biyar ɗin nan, wanne zan sa?"
Ta yi dariya, haƙoranta biyu suka leƙo:
"Wanda ya ɗinka rigar bai auna ni ba,
yanzu kuma ni zan rage kafaɗa?"

Na ja layi a akwati na huɗu, hannuna na rawa,
gadar kuwa na cusa ta a gefen shafi
da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa.
Gida arba'in da ɗaya na shiga a kwarin nan,
talatin da uku sun nuna mini rafin.

Da na koma, na'ura ta haɗiye akwatunan,
ta tofar da lamba guda: kashi talatin da takwas.
Jaridu suka ɗauka. Fada ta girgiza.
Aka sake wa shugaba mai rubuta jawabi,
aka ce ya riƙa murmushi, ya daina ɗaga yatsa,
ya ɗauki hoto da jariri a kasuwa.
Na tambayi Gualberto, babbanmu a ofis, "Gefen shafin fa?"
Ya ce, "Na'ura ba ta karanta gefe."

To, ina amfanin likitan da ya auna zafin jiki
bai tambayi ina ne ke ciwo ba?
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma an tambaye shi launin kwanon rufi.

Dare tara ina kwafe gefen shafuka a littafin 'yata na lissafi.
Na kai ma'aikatar ayyuka, na zauna a benci.
Ran na uku wani magatakarda mai mura
ya buga masa hatimi, ya ɗora a kan tsibin 'yan'uwansa.
Ban san inda ya kwana ba.

Yau Disamba ta kama, damina ta sauka a tsauni,
na san rafin ya kawo iya ƙugu.
Ina wanke kofi, ina jin muryarta
ranar da ta rako ni bakin mota
ta danƙa mini busasshen dankali a aljihu:
"Ki gaya musu su daina aiko mai tambaya.
Mu mun gama faɗa tun tuni.
Mai ji muke jira."